Mashin Cibiya da Barimar Ƙanƙara

Idan hunturu ya kankama a jihar Minesota ta Amurka, ko a Kanada, Suwidin, Finlan da Rasha, tafkuna kan daskare har mutum ya taka samansu da ƙafa, wani lokaci ma ya hau da mota. Saman ne kaɗai ke daskarewa. Ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, shi ya sa take tsayawa a bisa ta zama murfi, ruwan can ƙasa kuwa ya tsaya wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, kifi na ta harkar gabansa a ciki. Mai son kifin nan dole ya huda murfin.

Na'urar hudawar sanda ce ta ƙarfe, tsawonta wajen mita ɗaya, da wani faifai na ƙarfe ko roba da ya murɗe ya naɗe ta tun daga gindi. A gindin akwai wuƙa, a kai kuma ko dai mariƙin da ake juyawa da hannu, ko inji. Masu Ingilishi na ce mata "ice auger", mai injin kuma "power auger". Wanda ya shiga kanti a garin Brainerd ko Duluth zai saye ta, kafin ya taɓa aljihu sai an jero masa tambayoyi: ta gas ko ta batir? Inci 8 ko inci 10? Mai aski ko mai ɓantara? Kowace kalma a nan da tarihinta, kuma kowace tana faɗin irin ƙanƙarar da aka ƙera abin dominta. Bari mu bi su daki-daki.

Harafin da ya ɓace

Ba "auger" aka raɗa mata ba ranar suna. A tsohon Ingilishi na shekara dubu da suka wuce, "nafogar" ce, kuma kalma biyu aka ɗaura wa aure. Ta farko "nafu", tsakiyar ƙafar keken doki, inda sandar da ke ɗauke da keken take shiga. Ta biyu "gar", wato mashi. Da ita kafinta ke huda tsakiyar ƙafar keken. Ita kuwa "nafu" 'yar'uwar "navel" ce, cibiyar mutum. Ashe ma'anar sunan ita ce mashin cibiya.

Bahaushe ba zai yi mamakin cibiyar ba, domin shi ma tsakiyar abu cibiyarsa ce: ga cibiyar kasuwanci, ga cibiyar bincike. Inda zai ɗan dakata shi ne "mashin". Na soka ne ko na hawa? Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, sai baki ya raba gardama. Na farko mashi ne da aka liƙa wa harafin mallaka, na biyu aro ne daga "machine". Tarihin wannan na'ura kaf yana tsakanin su biyun: da mashi ta fara, da mashin ta ƙare.

To ina harafin "n" na farkon kalmar ya tafi? Maƙwabci ne ya sace shi. A Ingilishi ana sa "a" gaban sunan da ya fara da baƙi, "an" gaban wanda ya fara da wasali. Mutane na faɗin "a nauger", masu saurare na jin "an auger". Zuwa wajen ƙarni na 15 kuskuren ya zama ƙa'ida. Haka aka yi wa "napron" ta koma "apron", rigar da ake ɗaurawa a gaba wajen girki, haka aka yi wa "nadder" ya koma "adder", wani maciji mai dafi. Mutanen Holan ma sun yi asarar harafin, "navegaar" ɗinsu ta koma "avegaar". Na Suwidin ne suka riƙe nasu, har yau "navare" suke cewa.

Mu kuma ribar ƙafa muka ci. Da Hausa ta ari kalmomi daga Larabci, sai ta haɗa da "al" ɗin da ke gabansu ta haɗiye. "Al-ƙalam" ya zama alƙalami, "al-basal" ta zama albasa, "al-afiya" ta zama lafiya, "al-kitab" ya zama littafi. Har a kayan huda muna da misali, domin allura daga "al-ibra" take. Ingilishi ya bai wa ɗan rakiya harafi, Hausa ta mayar da ɗan rakiya ɗan gida. Kunne ne ya yi aikin a duka biyun, saboda baki ba ya barin fili tsakanin kalmomi yadda alƙalami ke yi.

Shi ma mashin bai mutu ba. "Gar" na nan a cikin "garlic", tafarnuwa, wato albasa mai siffar mashi. Akwai kuma wani kifi mai dogon baki da ake kira "gar". Har ma wani babban kifi mai haƙora da ake nema a ƙarƙashin ƙanƙara, sunansa na makami ne: Ingilishi ya ce "pike", sunan wani dogon mashin sojan ƙasa na dā, Suwidanci ya ce "gädda", daga kalmar tsini, Faransanci ya ce "brochet", daga tsinken gasa nama. Harsuna uku sun dubi kan kifin nan, kowanne tsini ya gani.

Aron da Finlan ta adana

Harshen Finlan ba dangin Ingilishi ba ne, ba kuma dangin Suwidanci ba ne, duk da maƙwabtaka. Amma tun kafin Ingilishi da Jamusanci su raba gari, kakannin mutanen Finlan suka ari wannan kalma daga kakan harsunan nan, suka ajiye ta da siffar "napakaira". "Napa" cibiya ce a wurinsu, kuma da ita suke kiran ƙuryar arewacin duniya. Masu nazarin harshe suna ƙaunar irin wannan aro, don sau da yawa mai aro ya fi mai kaya adana tsohuwar siffar kalma.

Daga baya suka datse mata kai. Suka jefar da "napa", suka bar "kaira", suka ɗora mata "jää", wato ƙanƙara. Na'urar huda tafki a Finlan yau "jääkaira" ce. Baturen Ingila harafi ɗaya ya yasar, mutumin Finlan kuwa cibiyar gaba ɗaya ya yanke, ya riƙe mashinsa.

Sauran maƙwabta wata zuriya suka bi. A Suwidin "isborr" ce, a Jamus "Eisbohrer", a Rasha "ledobur". Rabin farko na kowanne ƙanƙara ne, rabin ƙarshe kuma hudawa. Rashawa aro suka yi na "bur" daga wajen Jamusawa da mutanen Holan, suka haɗa da "lyod" tasu ta gado. A Ingilishi ɗan wannan gida shi ne "bore".

A nan ne zumuncin ya iso ƙofar gidanmu. Rijiyar burtsatse, wadda da yawa ke kira bohul, daga "borehole" sunan nata na biyu ya fito. Ke nan "bo" ɗin da ke bakin yaron da aka aika ɗebo ruwa a Gusau, da "bur" ɗin da ke bakin mai kamun kifi a Sibiriya, tsatsonsu ɗaya. Aikin ma ɗaya ne: a huda abu mai tauri a tarar da ruwa.

Masu Faransanci na lardin Kebek a Kanada ba su shiga ko ɗaya daga gidajen nan ba. "Tarière" suke cewa, kalmar da ta bi ta Latin daga harshen mutanen da suka zauna a Faransa kafin zuwan Rumawa. Sana'ar kanta kuma suna mata laƙabi da "pêche blanche", farin su. Ba kifin suka duba ba, ba ramin ba, filin da ya yi fari fat suka duba.

Kafin a fara murɗawa

Kafin abin murɗawa, sara ake yi. Doguwar sanda ce mai bakin kurfi, a riƙa dukan ƙanƙara da ita har ta ɓule. Amurkawa na ce mata "spud", Rashawa "peshnya", mutanen Finlan "tuura", mutanen Inuit na ƙuryar arewa kuma "tuuq". Har yau ba ta yi ritaya ba. A farkon hunturu, lokacin da ƙanƙara ba ta yi kauri ba, mai hankali kan riƙa dukan gabansa da ita yana tafiya. In ta ɓula da bugu ɗaya, sai ya koma ta inda ya fito.

"Tuura" da "tuuq", abu ɗaya, sauti kusan ɗaya. Ga kuma tura tamu ta Hausa tana leƙowa, tana neman a sa da ita. Sai dai kama da wane ba ta wane. Harsunan nan uku gidajensu daban-daban ne, kuma duk wanda ya jera kalmomin duniya zai sami irin wannan gamon katar da yawa. Dangantakar "auger" da "kaira" an tabbatar da ita ne ta bin tsofaffin siffofi da ƙa'idojin sauyin sauti, ko da yake a kunne ba su yi kama ba. Masu kama ba 'yan'uwa ba ne, 'yan'uwan kuma ba su yi kama ba.

Mutanen Ojibwe, waɗanda suka riga Turawa zama a bakin tafkunan Minesota, suna da aikatau guda, "akwa'waa", mai nufin sukar kifi da mashi ta kafar ƙanƙara. Abin da Hausa za ta faɗa da kalma bakwai, su da ɗaya suke faɗi, domin abincinsu na hunturu ne. A tafkin Gull kusa da Brainerd, inda tun 1991 ake gasar kamun kifi da ke tara dubban mutane, masu shirya gasar kan huda dubban kafofi kafin ranar. Sunan lungun tafkin da ake yin ta "Hole-in-the-Day", fassarar sunan wani sarkin Ojibwe, Bagone-giizhig, wato huda a jikin sama ko a jikin yini. Sunan ya riga injin zuwa wurin da fiye da shekara ɗari.

Sunayen kanti

A Amurka an daɗe ana kiran ta hannu da sunan Mora, wani gari a yankin Dalarna na Suwidin da ya yi suna wajen ƙera wuƙa. 'Yan ci-ranin Suwidin sun kai sunan har Minesota, inda akwai wani garin Mora. Akwai kuma Mora a arewacin Kamaru, gindin duwatsun Mandara, ga aikatau ɗinmu na mora, cin amfanin abu. Waɗannan biyun na ƙarshe ba ruwansu da wuƙa.

Mai inji kuwa, cikin waɗanda suka fara ƙera ta akwai Marvin Feldmann na garin Sheboygan Falls a jihar Wiskonsin, a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sunan da aka ba ta Jiffy, kalmar da ke nufin ɗan lokaci ƙanƙani, abin da za mu ce ƙiftawa da bismilla. Sunan talla ne, amma ya faɗi abin da ake saye. Ba rami ake saye ba, don sanda ma na yin rami. Lokaci ake saye. Kifi ba ya zama wuri guda, mai nemansa yakan huda kafa ashirin ko talatin a yini, yana bin sa daga nan zuwa can.

Wani kamfanin a Wiskonsin sunan kayansa Eskimo. Wannan suna baƙi ne suka laƙaba wa mutanen ƙuryar arewa, kuma a Kanada an daina son sa. Su Inuit suke kiran kansu, ma'ana mutane. A 2020 ƙungiyar ƙwallon birnin Edmonton ta ajiye sunan, a 2021 ta koma Elks. Suna kan tsufa a bakin jama'a alhali yana nan sabo fil a jikin kwali.

Gas ɗin wa?

A nan Bahaushe zai iya yin tuntuɓe. In an ce masa "gas auger", zai ɗauka ko dai ta man gas ce irin na manyan motoci, ko ta tukunyar girki. Ba ko ɗaya. Gas a bakin Ba'amurke fetur ne, gajarta "gasoline" ya yi. Wadda ke aiki da irin iskar da muke girki da ita, sunanta ta "propane". Kalma ɗaya, abu uku. Wanda ya ƙirƙiro ta ma, Jan Baptist van Helmont, masanin haɗa sinadarai na ƙarni na 17 daga ƙasar da yau ake kira Beljiyam, daga kalmar Girkanci mai nufin hargitsi ya ciro ta. Ta kuwa ci sunanta.

Ta fetur iri biyu ce. Akwai mai bugu biyu, wadda ake gauraya wa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareton shago, ga ƙara ga hayaƙi. Akwai mai bugu huɗu, wadda mai ke zaune a ma'ajinsa daban. Bugun da ake ƙirgawa hawa da saukar fistin ne kafin wuta ta sake tashi. Ƙarfinta ba ya ƙarewa muddin da mai a galan, amma nauyinta kan kai kilo 12 zuwa 15, kuma a tsananin sanyi sai an sha jan igiya kafin ta tashi.

Ta "propane" ba a gauraya mata komai, ƙaramar tukunya ake ɗaura mata, hayaƙinta kuma bai kai na fetur ba. Amma ita ma da iyakarta. Sinadarin yana zama iska ne daga digiri 42 ƙasa da sifiri zuwa sama, don haka idan sanyi ya doshi nan, ƙarfin tukunyar sai ya ja baya. Kuma duk injin da ke ƙona mai yana fitar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari. Wannan babban zance ne, domin da yawa a cikin 'yar bukka suke kamun kifin, a kan tafki, ƙofa a rufe.

Shi ya sa ta batir ta mamaye kasuwa a 'yan shekarun nan. Ba ƙara, ba hayaƙi, maɓalli kawai ake dannawa, da yawansu ma suna juyawa da baya su tura dusar da ta taru ƙarƙashin ƙanƙara. Batirin na "lithium" ne, ƙarfen da Johan August Arfwedson ya gano a Suwidin a 1817 cikin wani dutse na tsibirin Utö. Daga "lithos" aka ciro sunan, wato dutse da Girkanci.

Da ma Girkawan dā sun haɗa dutse da ƙanƙara: sun ɗauka wani farin dutse mai ɗaukar ido ruwa ne da ya daskare har abada, suka kira shi da sunan ƙanƙara, "krystallos". Bahaushe ma ya haɗa su. Ƙanƙara ce ke faɗowa daga sama da damina ta ɓata shuka, ƙanƙara ce kuma dutsen da ake ƙyasta wuta da shi, wanda ake sa wa bindigar gargajiya. Ta firji daga baya ta zo ta tarar da sunan. Da muka ji labarin wadda ke zubowa a Turai fara tas mai laushi, sai muka duba turmi muka ce dusar ƙanƙara.

Aibin batir shi ne ba ya son sanyi, abin da kuwa aka saye shi ya shiga ke nan. Masu amfani da shi kan cire shi su sa cikin riga har sai za a yi huda. Masu ƙerawa kuma ba da awa suke auna ƙarfinsa ba, ba kuma da yawan kafofi ba, sai da jimlar incin ƙanƙarar da zai ci a caji ɗaya. In an rubuta inci 1,000 a kwali, kaurin ƙanƙarar tafkin kuma inci 20 ne, kafa 50 ke nan. In kaurin ya kai inci 40, ta koma 25. Mai saye ya fara sanin tafkinsa kafin ya karanta kwali.

Akwai kuma hanyar masu tsimi: a sayi sandar kaɗai a ɗaura ta a bakin injin huda katako mai batir. Rashawa na kiran wannan inji "shurupovyort", mai juya sukuru, amma sun gajarta shi zuwa "shurik", wanda kuma laƙabin shagwaɓa ne na mai suna Aleksanda. A can akan tambaya ko na'ura ta dama ce ko ta hagu, domin na gida da yawa hagu suke juyawa, na Suwidin kuwa dama. Mai son haɗawa da "shurik" ta dama yake nema, in ba haka ba bakin injin ya riƙa kwancewa.

Aski ko ɓantara

Wuƙar gindi iri biyu ce. "Shaver" mai aski ce: reza biyu masu ɗan lanƙwasa da ke kankare ƙanƙara siriri-siriri. A lura da ƙugiyar harafi, kankare daban, ƙanƙara daban, ko da yake jaridun da ke ƙyuyar sa ƙugiya sun mayar da su tagwaye. Mai aski tana da sauri, ba ta cin batir da yawa, amma ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta dakusar da ita.

"Chipper" mai ɓantara ce, wuƙa mai haƙora da ke gutsurar ƙanƙara. Ba ta da saurin 'yar'uwarta, tana kuma buƙatar inji mai ƙarfi, amma ba ta tsoron datti. A tafkin da motoci ke hawa suna zubar da yashin titi, ko bakin kogi inda iska ke kwaso ƙasa, ko cikin bukka inda ake sake buɗe tsohuwar kafar da ta daskare, ita ce gwana. Mai yawo a kan sabuwar ƙanƙara mai tsabta ya nemi wanzami, mai zama wuri ɗaya ya nemi masassaƙi.

Faifan da ya naɗe sandar ba ya yanka komai, aikinsa kwaso dusa ya fito da ita sama. Sunansa "flighting", daga kalmar da ke nufin tashi sama, wadda kuma ake kiran jerin matakalar bene da ita. Dabarar tsohuwa ce. Ita ce ake jingina wa Arkimidis na birnin Sirakus, na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda aka daɗe ana ɗaga ruwan ban-ruwa da ita a Masar.

Kafa da ƙafa

Inci aro ne daga Ingilishi, shi kuma daga "uncia" ta Latin, kashi ɗaya cikin goma sha biyu. A Amurka da Kanada faɗin wuƙa inci 6 ne, ko 8, ko 10. A Turai da milimita ake lissafi: 110, 130, 150, 200. Inci 6 ya ishi ƙananan kifaye, waɗanda Amurkawa ke kira "panfish", wato masu shiga kaskon suya ba sai an datsa ba. Inci 8, wajen santimita 20, shi ne na kowa da kowa, shi ake yi wa "walleye", kifin da jihar Minesota ta ɗauka tambarinta. Inci 10 na manya ne irin mai kan mashin nan.

Daga 8 zuwa 10 a baki tazarar inci biyu ce, amma da'ira ba haka take lissafi ba. Filin da'ira mai faɗin inci 6 kusan murabba'in inci 28 ne, na mai 8 kusan 50, na mai 10 kusan 79. Ke nan mai inci 10 tana cin ƙanƙarar da ta fi ta mai 8 da fiye da rabi, ta kusa ninka ta mai 6 sau uku. Batir ma haka zai ƙare.

Me za mu kira abin da aka huda? Rami yana da gindi, wannan kuwa ba shi da shi, ruwa ne a ƙasa. Kafa ta fi dacewa, irin ta allura da ta hanci, wadda ake shiga ta nan a fita ta can. Ga ƙugiya ta sake dawowa: kafa mai inci 10 tana haɗiye ƙafa, musamman ta yaro, balle in dusa ta rufe bakinta. Masu zuwa da iyali sukan tsaya a inci 8 saboda haka.

Ita ma ƙanƙarar suna gare ta iri-iri. Wadda ruwan tafki ya daskare kai tsaye, garau har ana hango duhun ƙasa, mutanen Finlan na ce mata "teräsjää", ƙanƙarar ƙarfe, na Suwidin kuma "kärnis", ƙanƙarar ƙwaya. Wadda dusa ta jiƙe ta daskare a sama, fara mai kumfa a ciki, "kohvajää" ce ko "stöpis". Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota na ba da shawarar kada a taka sai garau ɗin ta kai inci 4, kuma farar rabin ƙarfinta gare ta, sai a ninka lissafi. Ashe na'urar nan ma'auni ce kafin ta zama kayan kamun kifi. Kafar farko ta yini ba don kifi ake huda ta ba, don a ga kauri da launi ne.

Wane suna za mu ba ta?

Haƙa ba ta dace ba, don rijiya da kabari ake haƙawa, a tsaya a ciki. Fasa ta yi ɓarna da yawa, tulu ake fasawa. Sara ta tsohuwar sandar ce. Ɓula ta kusa, sai dai tana da ƙamshin tsautsayi, kamar yadda aljihu ke ɓulewa ba da son mai shi ba. Huda ce ke da niyya da tsari, ita ake yi wa kunne da fata. Saboda haka mahudin ƙanƙara suna ne da ba wanda zai ce an yi kuskure.

Sai dai mahudi bai faɗi yadda ake hudar ba. Basilla ma mahudi ce, ƙusa ma haka, kuma duk soka su ake yi. Wannan kuwa murɗa ta ake yi. Ƙarfin da masu ƙera ta ke alfahari da shi ma, "torque", daga aikatau ɗin Latin mai nufin murɗawa ya fito.

Muna kuwa da kalmar da ke ɗauke da murɗawa a cikinta: barima. Daga Larabci take, "barrima", abin huda mai murɗe, daga "barama", ya murɗa. A Hausa ta taɓa zama sunan abin murɗe toshiyar kwalba, amma inda ta fi samun wurin zama shi ne kunnen 'yan mata, ɗan kunnen nan ƙarami mai makulli a baya. Kalmar kayan aiki ce da ta shige akwatin kwalliya, kuma ba abin da zai hana ta fito ta koma bakin aiki.

Sana'ar kanta, su ne ko fatsa? Inda ake zura taru a ƙarƙashin ƙanƙara, kamar yadda ake yi a tafkin Puruvesi na Finlan, su ne sosai. Amma mai zama kan bokiti da 'yar sanda da ƙugiya yana kallon kafa ɗaya, fatsa yake yi.

Ga hukuncina. Ta hannu barimar ƙanƙara, mai inji barimar ƙanƙara mai inji, a ƙara da cewa ta fetur ce, ko ta iskar gas, ko ta batir. Ɗalibinmu da karatu ya kai Finlan ko Kanada, in abokai sun ja shi fatsar ƙanƙara har ya yi sha'awar sayen tasa, ta batir mai inci 8 za ta ishe shi, mai aski in tafkin na da tsabta, mai ɓantara in akwai yashi. Masu fassara a gidajen rediyo da jaridu kuwa, ga suna nan na ajiye muku. Wanda ke da wanda ya fi shi, ya kawo mu auna.